Babi na Huɗu: Kula da Tsohuwar A-kori-kura da Hannunka

Wannan babi na masu tsohuwar a-kori-kura ne, da direbobinta, da yaran mota. Ko Peugeot 504 ce, wadda muke kira Fijo, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna a kamfanin da ya fara aiki a 1975, ko kuwa Toyota Hilux ce tsohon yayi, aikin duk ɗaya ne. Irin wannan mota ta ga jiya ta ga yau. Ta kai buhunan masara Dawanau, ta ɗauko kwandunan tumatir daga fadama, ta kwashi awaki ranar kasuwa. Ba aikin bakanike za mu koya a nan ba. Ɗan abin da za ka yi da hannunka ne a ƙofar gida, da safe, kafin ka tayar da ita.

Ka tanadi tsumma mai tsabta, da mazurari, da filaya, da sifana mai lamba 10 da mai lamba 13, da jak, da sifanar taya, da waigi biyu. Ka haɗa da littafin rubutu da biro. Kada ka ce rubutunka bai yi kyau ba tukuna. Wanda kake da shi ya isa.

Darasi na 1: Auna baƙin mai

Baƙin mai shi ne yake hana ƙarafan cikin inji cin junansu. Idan ya yi ƙasa inji ya buga, kuma kuɗin gyaran injin da ya buga sai ya cinye ribar watanni. Saboda haka za mu daɗe a wannan darasi. Ka yi haƙuri da ni.

Da farko ka ajiye motar a wuri mai daidai, ba a gangare ba, ba kuma ƙafa ɗaya a rami ba. Ka ja birkin hannu. Inji a kashe. Lokacin da ya fi kyau shi ne da safe kafin a tayar. Idan kuwa motar ta riga ta yi tafiya, ka kashe ta ka jira kamar minti 10, mai ya gangaro ƙasa ya taru.

Ka buɗe bonet, ka tabbata ya tokaru sosai don kada ya faɗo maka a ka. A gefen inji za ka ga wani siririn ƙarfe mai zobe a kansa, inda yatsa yake shiga. Shi ne geji. Ka sa yatsa ka zaro shi.

To, a nan kusan kowa yake kuskure. Da ka zaro shi, kada ka duba. Ka goge shi da tsumma tukuna, tas, har ƙarfen ya fito fes. Sannan ka mayar da shi raminsa, ka tura har ƙarshe sai ka ji ya zauna. Sannan ka sake zaro shi. Wannan zarowa ta biyu ita ake karantawa.

Bari in sake faɗa. Zaro, goge, mayar har ƙarshe, sake zarowa, sannan duba.

Me ya sa? Lokacin da inji yake aiki, mai yana fantsama ya shafi gejin har can sama. Idan ka duba ba ka goge ba, za ka ga mai ya jiƙe ƙarfen duka, ka ce alhamdulillahi a cike yake, alhali kuwa saura kaɗan a ciki. Akwai wani dattijo a ajinmu na yamma, mutumin kirki, shekara da shekaru yana tuƙi. Kullum da safe yana duba geji, bai taɓa fashi ba, amma kuma bai taɓa gogewa ba. Ranar da muka fita waje muka auna tare, na miƙa masa tsumma. Ya goge, ya mayar, ya zaro, sai ga mai ɗan kaɗan a can bakin ƙarfen, bai ko kai layin ƙasa ba. Ya daɗe yana kallon gejin bai ce komai ba. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya taɓa nuna masa. Kai yanzu an nuna maka.

Idan ka zaro a karo na biyu, ka riƙe gejin bakinsa yana kallon ƙasa. Kada ka ɗaga bakin sama, man zai gangaro wajen hannunka ya ɓata lissafi. Ka duba kusa da bakin, za ka ga alama biyu. Wani geji layi biyu ne, wani ƙananan huji biyu, wani kuma 'yar tsaga biyu a gefe. Wani an rubuta masa MIN da MAX. Kada rubutun ya ba ka tsoro, haruffa uku-uku ne kawai, kuma duk mun yi su a aji. Dukansu da M suka fara. Mai ƙarewa da N shi ne na ƙasa. Mai ƙarewa da X, harafin nan mai kama da kara biyu da aka gicciya, shi ne na sama. Ana son mai ya tsaya tsakanin biyun, kusa da na sama.

Idan ya yi ƙasa, ka buɗe murfin da yake saman inji, ka sa mazurari, ka zuba rabin lita kawai. A yawancin motoci, daga layin ƙasa zuwa na sama kamar lita 1 ne, don haka rabin lita ba kaɗan ba ne. Ka jira minti biyu ko uku. Sannan ka sake aunawa. Yaya za ka auna? Zaro, goge, mayar har ƙarshe, sake zarowa. Ko sau biyar ka auna a rana ɗaya, sau biyar za ka goge. Kada kuma ka wuce layin sama da sunan ƙauna ga mota. Mai idan ya yi yawa kumfa yake yi, ya tura robobin da suke tare shi su fara yoyo.

Wani kuskuren shi ne mayar da geji rabi. Mutum yana sauri, ya tura shi bai kai ƙarshe ba, ya zaro ya ga babu mai, ya yi ta zubawa har ya cika ya wuce. Ka tura har ƙarshe. In ya ƙi shiga, ka ɗan juya shi, kada ka danna da ƙarfi ya lanƙwashe.

Ka duba launin man a jikin tsumma. Idan baƙi ne, ba komai, haka tsohon inji yake mayar da shi. Idan ka murza da yatsu biyu ka ji kamar yashi, ya isa juyewa. Amma idan ka ga ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga cikinsa, kuma sau da yawa gaskit ne, wato shimfiɗar da take tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone. Kada ka tayar da motar, ka kira bakanike.

A gaban sitiyari akwai wata jar fitila mai hoton 'yar buta da ɗigo a bakinta. Idan ta kama kana cikin tafiya, ka sauka gefen titi ka kashe inji nan take. Ba a cewa bari in ƙarasa kasuwa.

Yanzu ɗauko littafinka. Ka ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, shafin ya rabu gida uku. Gidan farko kwanan wata, na biyu lambar kilomita da take gaban sitiyari, na uku yawan man da ka ƙara. Misali: 12 ga Maris, 184300, rabin lita. Ka kwafi lambar ɗaya bayan ɗaya daga hagu zuwa dama, ba sai ka iya faɗinta da baki ba. Bayan wata guda littafin zai nuna maka yawan man da motarka take sha. Tsohon inji a irin zafinmu da ƙurarmu ana juye masa mai duk bayan kilomita 5,000, a canja filta tare. Idan agogon kilomita ya mutu, kamar yadda yake a motoci da yawa, ka riƙa ƙirga wata uku. Tsofaffin injuna masu shan fetur sun fi dacewa da mai kauri, wanda aka rubuta 20W-50 a jikin galan ɗinsa. Ka kwafi wannan lamba a bangon littafinka, ka nuna wa mai shago. Ka sayi galan da ba a taɓa buɗe bakinsa ba.

Kafin ka juya shafi, rufe littafin nan ka faɗi matakan da ka, a bayyane. In ka manta gogewa, koma farkon darasin. Ba abin kunya ba ne, sannu ba ta hana zuwa.

Darasi na 2: Ruwan lagireto

Lagireto yana can gaba, bayan bonet ya buɗe, da murfin ƙarfe a samansa. Da safe, inji da sanyi, ka danna murfin ka murɗa hagu. Ruwa ya kamata ya kai kusa da wuya. In ya ragu ka ƙara mai tsabta. Ban da ruwan kududdufi, laka da tsatsa su ne suke toshe ƙananan hanyoyin ciki.

Ba a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Na faɗa a aji, na rubuta a allo, duk da haka sai ga wani yaron mota ya zo da hannu a naɗe, fatar ta saluɓe daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Direbansa ne ya ce masa ya sa tsumma ya buɗe. Haba jama'a! Ruwan da yake ciki a matse yake, zafinsa ya wuce na tafasasshen ruwan tukunya, da an sassauta murfi sai ya yi tsiri ya watsu a fuska. Ku manya ne, kuna da 'ya'ya kamarsa a gida. Idan mota ta tafasa, a kashe ta, a buɗe bonet, a koma inuwa a jira aƙalla rabin awa. Kada kuma a kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, kan inji yana iya tsagewa.

Inji a kashe, ka danna fanbel, wato bel ɗin robar da yake juya fanka, da babban yatsa a tsakiya. Ya kamata ya lotsa kamar faɗin yatsa ɗaya. In ya tsattsage ka canja, ka kuma ajiye sabo ɗaya a bayan kujera. Lokacin kaka ka riƙa share ƙaiƙayi da ciyawa daga fuskar lagireto.

Tunda bonet a buɗe yake, ka auna baƙin mai? Ka goge gejin kafin ka duba?

Darasi na 3: Batir

Batir yana da kai biyu. Ɗaya da alamar tarawa, +, ɗaya da alamar ɗebewa, −. Idan za ka cire, ka fara da mai alamar ɗebewa. Idan za ka mayar, shi ne na ƙarshe. Farin garin da yake taruwa a kai, ka jiƙa kanwa a ruwan ɗumi ka wanke shi da tsohon buroshi, amma kada ruwan ya shiga cikin batir, kada kuma ya taɓa idonka. Ka ɗaure kan da sifana. Ku daina dukan kan batir da dutse, ku daina cusa ƙusa, na gaji da gani. In ruwansa ya ragu, ruwan batir na kwalba ake ƙarawa, ba na rijiya ba. Ban da taba, ban da ashana a kusa.

Darasi na 4: Canjin taya

Sa waigi gaba da baya, ka sa giya, ka ja birkin hannu. Ka sassauta notoci tun taya tana ƙasa, sannan ka ɗaga da jak. In ƙasa yashi ce, sa katako ƙarƙashin jak. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita, balle da kaya a bayanta. Wajen ɗaurewa, ka ɗaure noti ɗaya, ka tsallaka zuwa wanda yake fuskantarsa a ɗaya gefen, in mota ta sauka ka ƙara matsewa. Ka riƙa kai safaya wajen mai faci ya duba iskarta.

Darasi na 5: Birki

Kwalbar man birki ita ma tana da MIN da MAX, kun riga kun san su. In man yana raguwa, ko dai akwai yoyo, ko kuma birkin ne ya cinye. In ka taka birki ya nutse, kada motar ta fita. Ba a zuba ruwan sabulu a madadin man birki, ko wa ya ce maka ana yi.

Darasi na 6: Fitilu

Ka kunna, yaro ya zagaya ya gaya maka wadda ta mutu. Ka canja ƙwan.

Aikin gida

Ka auna baƙin mai kowace safiya har kwana bakwai, ka rubuta a littafinka. Ranar aji ka zo da littafin, ka zo kuma da tsumman da ka goge gejin da shi.