Yadda Ake Kafa Gidan Leda Don Kada Iska Ta Tafi da Shi

A Rikkos nake zaune, cikin Jos, kuma shekara uku ke nan ina noman tumatir da tattasai a gidan leda, wato rumfar ƙarfe da ake lulluɓewa da leda a yi shuka a ciki, irin mai arahar nan da ke zuwa a kwali, faɗinsa mita 3, tsawonsa mita 6. Na farkon da na kafa bai yi wata biyu ba. Hadarin farkon damina, cikin Afrilu, ya tumɓuke shi da dare, da safe na tarar da ƙarafunan sun lanƙwashe a jikin katangar maƙwabcina. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don irin da na yi makonni ina raino duk ya tafi.

Wuri za ka fara dubawa. Nemi inda rana ke sauka sosai, ƙasar kuma a baje take, nesa da rassan mangwaro. Kada ƙofa ta kalli gabas, domin ta nan hadari ya fi taso mana, iskar hunturu ma daga arewa maso gabas take busowa. In iska ta samu ƙofa ta shiga, daga ciki za ta ɗaga rumfar gaba ɗaya.

Haɗa ƙarafunan ba wuya. Baje su, ka ƙirga, ka sa kowane noti da hannu kawai. Sai firam ya tsaya cif, ka auna da igiya daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, ka ga awon biyu ya zo daidai, sannan ka bi da sifana ka ɗaure.

To, ga inda aikin yake. 'Yan turakun da ke zuwa cikin kwalin ba za su riƙe komai ba a Jos. Je wurin mai walda ya yanka maka rodi mai kaurin milimita 12, kowane tsawon santimita 60, ya lanƙwasa kansa kamar ƙugiya. Kowace ƙafa ta samu nata. Ka buga shi a karkace, ba a miƙe ba, har ƙugiyar ta danne ƙarfen ƙasa. Ƙasarmu akwai dutse, wani lokaci guduma za ta yi ta dawo maka. Inda rodi ya ƙi shiga, ni buhun yashi nake ɗorawa, kusurwoyi huɗun kuma na zuba musu kankare. Kuɗin wannan bai kai na sabuwar leda ba.

Kafin ka ɗora leda, naɗe duk wata gaɓa mai kaifi da tsohon tub na taya, don nan take fara yagewa. Ka jira ranar da ba iska, rana ta ɗan ɗaga ledar ta yi laushi, ku zama mutum uku. Ni da ƙanena da ɗansa muka ja tamu. A ja ta ta yi tsam, saboda leda mai kaɗawa ba ta daɗewa. Gefen da ya rage a ƙasa kada ka yanke. Haƙa rami mai zurfin santimita 30 a kewaye, ka binne shi, ka tattake. Daga nan ka haye saman da igiya mai ƙwari tsakanin kowane baka biyu, wato lanƙwasassun ƙarafunan rufin, ka ɗaure ta a rodi.

Jos tana kan tudu, kimanin mita 1,200 daga teku, shi ya sa daren Disamba da Janairu ke da sanyi mai hana shuka girma, ledar kuwa tana taimakawa. Amma da rana cikin yakan yi zafi har furen tumatir ya zube, don haka nakan buɗe tagogi da hantsi, in rufe bayan la'asar. Ka sa musu raga mai ƙananan ido don hana ƙwari shiga. Wanda ya ga ɓarnar tsutsar tumatir a 2016 ya san dalili. Ka kuma ajiye faffaɗan salatef, domin ƙanƙara kan sauka a nan, kuma ƙaramin huji in ba ka liƙe shi a ranar ba, iska ce za ta faɗaɗa shi.