Yadda mai shago zai riƙe karsashinsa ya riƙa ganin abu tun daga nesa

Duk mai shago a Samaru ta Zariya ya san abin da ya faru a 2022, ƙungiyar malaman jami'a ASUU ta shiga yajin aiki tun Fabrairu sai Oktoba aka dawo, wata takwas ɗaliban ABU suna gida, masu hotokofi da masu abinci da masu POS aka zauna ana kallon titi. Abin da na lura a lokacin, waɗanda suka motsa da wuri, wani ya kwashi kaya ya nufi Sabon Gari, wata ta koma tallan abincinta a WhatsApp, yawancinsu masu sauran kuzari ne a jiki. Wanda gajiya ta cinye kuwa sai abu ya faɗo masa a ka sannan ya fara kame-kame.

Kuma wannan motsawa da wuri kuɗi ce fa. An yi gwaji da ƙananan 'yan kasuwa 1,500 a Lome ta ƙasar Togo, sakamakon ya fito a 2017, waɗanda aka koya wa fara abu da kansu da hango matsala kafin ta iso ribarsu ta ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100, waɗanda aka yi wa horon kasuwanci da aka saba kuwa kashi 11.

Toh fara da barci. Babba yana buƙatar aƙalla awa 7, kai kuma ka rufe shago ƙarfe goma, ka zauna majalisa, ka kwanta da waya a hannu har ɗaya na dare, ga asuba tana jiranka, ina kan da zai yi lissafi? In dare bai ishe ka ba, yi ƙailula ko ta minti 20 bayan azahar, yaron shago ya riƙe maka. In baka yarda da shi na minti 20 ba, wallahi matsalar ɗaukar yaro ce ka fara gyarawa.

Sai bashi, shi ne babban mai hana barci. Samu littafi ka rubuta na kowa da ranar biya, har na ɗan uwa, kuma ka raba uwar kuɗi da kuɗin cefane, ko da akawun biyu ne a waya. Abin da ke rubuce ba ya yi maka yawo a ka da dare.

Sannan ka ware awa ɗaya a sati, ni na fi son Juma'a bayan an sauko masallaci, ba kwastoma ba waya, ka tambayi kanka me ke zuwa nan da wata biyu. Azumi ne? Tela ya nemi ƙarin hannu tun yanzu kafin ɗinkin sallah ya danne shi. Ɗalibai za su tafi hutu? Rage kayan da ke lalacewa. Kaka ta kusa? Mai hatsi ya shirya kuɗi da wurin ajiya. Zaɓi abu ɗaya kawai ka yi shi a satin, ko kiran dilanka ne na Kwari ko Singa ka ji farashi kafin ka hau motar Kano.

In kuma ciwon kai ya ƙi tafiya, ko ka ga kana yi wa kwastoma tsawa ba dalili, kar ka tsaya kan farasitamol da shayi, shiga kyamis ko asibiti a auna maka hawan jini, ba ya ɗaukar minti biyar.