Kurakuran da masu amosanin gaɓɓai ke yi da magani lokacin tiyata ko kamuwa da cuta

Akwai amosanin gaɓɓai wanda garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa mai ita, har mutum ya wayi gari yatsunsa a kumbure, sun ƙage, ya kasa ɓalle maɓallin rigarsa. Magungunan da ke lafar da shi kaifin garkuwar suke ragewa, shi ya sa da zarar an sa ranar tiyata mutane da yawa kan tattara su duka su ajiye, suna ganin hakan shi ne taka-tsantsan. Kowane magani kuwa da nasa hukuncin.

Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin amosani ta Amurka ta sabunta a 2022, game da tiyatar sauya gwiwa ko ƙugu, ta ce a ci gaba da magungunan amosani irin su methotrexate da sulfasalazine da hydroxychloroquine da leflunomide, domin wanda ya bar su ciwonsa na iya tashi daidai lokacin da ake bukatar ya miƙe ya fara takawa. Alluran da ke danne garkuwa kai tsaye su ne ake dakatarwa, kuma da lissafi: mai karɓar adalimumab duk mako biyu, a mako na uku bayan allurar ƙarshe ake yi masa aiki, mai etanercept ta mako-mako kuwa a mako na biyu. Ƙwayar tofacitinib kwana 3 kafin tiyata ake barinta. Ba a komawa kansu sai rauni ya kame, an cire zare, babu kumburi ko ja ko ruwa, yawanci wajen kwana 14.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne yanke prednisolone, ƙwayar rage kumburi, farat ɗaya, musamman da yake mutane da dama a wajenmu a kemis suke sayensa, likita bai ma san suna sha ba. Idan aka daɗe ana shan sa, ƙananan sassan jiki biyu da ke zaune a saman ƙoda sukan rage samar da sinadarin da jiki ke jingina da shi a lokacin wahala, saboda ƙwayar ta ɗauke musu aikin. Wanda ya daina kwatsam, sannan ya shiga ɗakin tiyata ko zazzaɓi ya kwantar da shi, jininsa na iya faɗuwa, ga amai da jiri da kasala, har a kai ga rasa rai. Gyaran shi ne a ci gaba da adadin da aka saba, a kuma faɗa wa likitan tiyata da mai ba da maganin barci gaskiyar yawansa da tsawon lokacin da aka yi ana sha. Mafi sauƙi, a zuba kwalayen duka a leda a kai musu su gani da idonsu.

Idan cuta ce ta shiga jiki, lamarin juyawa yake yi. Mai zazzaɓi mai zafi, ko ciwon huhu, ko miki mai mugunya, ko duk abin da ya kai a rubuta masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, ana so ya dakatar da methotrexate da alluran har ya warke, amma ya tuntuɓi likitansa a ranar. Haka ma mai amai da gudawa, domin ƙoda ce ke fitar da methotrexate, idan ruwan jiki ya ƙare sai ya taru. Kada kuma a yanke cewa kowane zafin jiki na cizon sauro ne ba tare da gwaji ba, tunda prednisolone kan ɓoye zazzaɓi, cuta ta yi nisa jiki yana ɗumi kawai.

Sai Septrin, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake yawan miƙa wa mai tari ko gudawa. Haɗa shi da methotrexate na iya durƙusar da ɓargo ya kasa samar da ƙwayoyin jini, kuma gyambon baki, ciwon maƙogwaro ko jini daga dasashi alamu ne da ke bukatar asibiti da gwajin jini nan take.