Kurakuran da Ke Ɓata Aiki a Situdiyon Zane, da Yadda Ake Gyara Su

Wanda bai taɓa zama a situdiyon zanen kwamfuta ba yakan ɗauka wahalar aikin duk tana wajen ƙirƙira, wato ka zauna gaban farin allo ka rasa abin da za ka sa. Hakan na faruwa, amma da wuya ya jawo asara. Aiki ɗaya kan bi ta hannu uku ko huɗu kafin ya fita: mai aiki ya kawo buƙatarsa, mai zane ya zana, oga ko abokin aiki ya duba, madaba'a ta buga. Abin da na lura da shi shi ne, yawancin ɓarna a wurin miƙawar nan take aukuwa, inda kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya gane abin da bai faɗa masa ba.

Uwar kurakuran ita ce buɗe kwamfuta kafin a gama magana. Kwastoma ya ce yana son tambari mai kyau, na zamani, wanda zai ɗauki ido, kai kuma ka ce an gama. Ba a gama komai ba. Abin da shi yake kira na zamani mai yiwuwa kai tsohon yayi kake ganinsa. Ka zaunar da shi ka tambaye shi: su wa za su ga abin nan? A ina za su gan shi, a waya ne, ko a jikin mota, ko a allon talla da ake wucewa a guje? Idan sun gani me ake so su yi, su kira lamba ko su zo taro? Ka ce ya nuna maka ayyuka uku da suka burge shi da uku da ba ya ƙauna, domin mutum ya fi iya nuni da yatsa a kan bayani da baki. Tambayar da aka fi mantawa kuwa ita ce wa ke da magana ta ƙarshe. Sau da yawa wanda yake zuwa situdiyo ɗan aike ne. Ku yi mako biyu kuna gyara, ya ce ya yi, sannan a kai wa mai gidansa ya ce sam ba haka yake so ba. Duk abin da kuka tsayar ka rubuta shi a shafi ɗaya, ka tura masa, ka jira ya amsa a rubuce. Tun ran gini tun ran zane.

A cikin wannan shafi ne ya kamata maganar gyara ta shiga. Matasan masu zane suna jin nauyin yin ta, sai su wayi gari suna kan gyara na goma sha ɗaya a kuɗin aiki ɗaya. A faɗa tun farko: gyara zagaye biyu ko uku yana cikin kuɗin, abin da ya wuce haka da lissafinsa. A kuma bambanta gyara da sabon aiki. Canza kala ko ƙara girman suna gyara ne. Amma mutum ya dawo ya ce ya fasa sunan kamfanin gaba ɗaya, wannan sabon ciniki ne. Ka roƙi a tattaro gyare-gyaren a saƙo guda, ba wannan ya kira da safe wancan ya aiko murya da dare ba. Kafin alƙalami ma ba rashin yarda ba ne. Wanda ya ajiye wani abu ya fi saurin amsa saƙo.

Sai kuma abin da ake sayarwa ɗin kansa. Hoton tambari kawai kwastoma ya saya, ko har da asalin fayil ɗin da ake iya buɗewa a canza? Zai iya amfani da shi a ko'ina har abada, ko don wani aiki ne ƙayyadadde? A 1971 wata ɗaliba a Portland ta Amurka, Carolyn Davidson, ta zana alamar Nike a kan dala 35. Ita ta yi dace, don a 1983 kamfanin ya waiwaye ta ya ba ta hannun jari. Ba kowa ake waiwaya ba.

Akwai wani kuskure da ake yi da kyakkyawar niyya: a jera wa kwastoma samfuri takwas don ya ga an yi ƙoƙari. Abin da ke biyo baya sananne ne. Zai ce a ɗauko kalar na biyu, da haruffan na biyar, da siffar na bakwai a haɗa, a sami abin da ba kai ba gindi. Ko kuma ya zaɓi wanda ka saka don cike gurbi, wanda kai kanka ba za ka so a ce kai ka yi ba. Lokacin da Steve Jobs ya nemi mai zane Paul Rand ya zana wa kamfanin NeXT tambari a 1986, Rand ƙin kawo zaɓi ya yi. Guda ɗaya ya kawo, tare da ɗan littafi mai bayyana dalilin kowane abu da ke ciki. Ba na cewa ka yi irin wannan taurin kai, Rand ya riga ya zana wa IBM tambari kafin nan, kai kuwa tukuna. Biyu ko uku sun isa, kowanne kana iya kare shi. Kuma kar ka tura hoto kawai ka yi shiru kana jiran hukunci. Ka yi bayani, ka nuna yadda zai kasance a wurin da za a yi amfani da shi.

Idan aka zo kan zanen kansa, cutar da ta fi kama sabbin hannu ita ce tsoron fili. Da sun ga wuri fari sai su ji kamar ba su gama aiki ba, a cusa tauraro, a ƙara inuwa, a sa layi. Kwastoma ma yakan taya: ai kuɗin takardar duka ya biya, a cika ta. Amma fili shi ke nuna wa ido inda zai sauka. Dubi tambarin kamfanin jigilar kaya FedEx da Lindon Leader ya yi a 1994: kibiyar da ke tsakanin E da x ba zana ta aka yi ba, farin da aka bari ne. Maganin cunkoso shi ne ka tsara abubuwa daki-daki: me za a fara gani, me ke bi masa, me zai iya jira. Idan komai ya yi girma, babu abin da ya yi girma. Ka ja da baya daga allon, ka ɗan runtse ido. Abin da ya rage kana gani shi ne abin da mai wucewa zai gani. Idan ba shi ne muhimmin saƙon ba, da sauran aiki.

Haruffa kuma, salo biyu sun wadatar a yawancin ayyuka, ɗaya na kanu ɗaya na jikin rubutu. Kar a ja harafi ta gefe don ya cika wuri, yana ɓata kaurin layukansa, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Rubutu mai ruwan toka a kan fari yana da kyau a allonka mai tsada, amma a waya cikin rana ɓacewa yake. Ƙa'idar WCAG ta shafukan intanet ta ce bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1. Kar kuma a dogara da ja da kore kaɗai wajen bambanta abu biyu, akwai mutane da dama, galibi maza, da ba sa rarrabe su sosai. Wani abin takaici: salon haruffa da yawa ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Sai manhaja ta aro su daga wani salon, ka ga harafi ɗaya ya yi tsuru a tsakiyar kalma, ko ya koma akwati. Kafin ka ƙulla soyayya da wani salo, ka fara buga waɗannan haruffan ka gani. Noto, Andika, Charis da Gentium duk suna da su, kuma kyauta ne. Sauran kuwa a duba lasisinsu. Samun salo a intanet ba ya nufin an halatta maka amfani da shi a aikin kuɗi. Haka ma hotuna.

Tambari a manhajar Illustrator ko CorelDRAW ko Inkscape ake yinsa, inda zane yake a matsayin layuka da ake iya faɗaɗawa ba tare da sun fashe ba. Wanda aka yi a Photoshop ɗigo-ɗigo ne, ranar da aka nemi a sa shi a bango za a ji kunya. A gwada shi da baƙi zalla, a kuma ƙanƙanta shi ya koma kamar farcen yatsa. Idan bai tsira a nan ba, ado ne ya riƙe shi.

Yanzu ga inda kuɗi suke ƙonewa, wato hanyar madaba'a. Allo da haske yake haɗa kala, ja da kore da shuɗi, shi ne RGB. Na'urar bugu da tawada huɗu take haɗawa, CMYK, kuma tawada ba ta kai haske faɗin kala ba. Shuɗi mai ƙyalli da kore mai walƙiya da kwastoma ya gani a wayarsa ya yi murna, a takarda dusashewa za su yi. Don haka aikin bugu a duba shi a CMYK tun da wuri, kuma a gaya wa mai aiki gaskiya kafin ya gani da idonsa. Idan kala ce ta kamfani da ba a so ta motsa ko kaɗan, a yi maganar lambar Pantone, tsarin da ake amfani da shi tun 1963 don mai zane da mai bugu su yi nufin kala ɗaya.

Hoton da za a riƙe a hannu a karanta yana son ɗigo 300 a kowane inci. Cikakken shafin A4, milimita 210 da 297, yana bukatar fiksel, wato ɗigon hoto, 2480 da 3508 ke nan. Hoton da faɗinsa fiksel 800 ne, bugunsa mai kyau bai kai santimita 7 ba, kuma rubuta 300 a akwatin manhaja ba ya ƙara masa abin da ba shi da shi. Hotunan da aka turo ta WhatsApp galibi an matse su, sai ka ce a sake turowa a matsayin fayil. Allon talla kuwa akasin haka ne, daga nesa ake kallonsa, ba ya bukatar 300. Masu yin sa a 300 kwamfutarsu kawai suke wahalarwa.

Wuƙar yanka takarda ba ta sauka daidai ɗari bisa ɗari. Shi ya sa duk kala ko hoton da ya kai baki sai a zarce da shi milimita 3 ta kowane gefe, A4 ya zama 216 da 303, in ba haka ba a ga siririn farin layi a gefe. Rubutu kuma a janye shi ciki da aƙalla milimita 3 zuwa 5. Ƙananan haruffa baƙaƙe a yi su da baƙar tawada ita kaɗai. Idan aka bar su da haɗin tawada huɗu, da farantin bugu na tawada ɗaya ya goce kaɗan sai rubutun ya yi inuwa. A tura PDF da haruffansa a ciki, ko a mai da su zane, amma a ajiye kwafin da ake iya gyarawa. Mafi sauƙin duka: ka kira mai bugun kafin ka fara, ka tambaye shi yadda yake son fayil. Matambayi ba ya ɓata.

Na taɓa sakin aiki da lambar waya wadda lambobi biyu suka yi musayar wuri. Mu uku muka duba shi, kowa yana kallon kala da tsari, ba wanda ya karanta. Sai da aka buga aka yanka aka ɗaure. Tun daga ranar, mai zane ba ya zama mai karatun ƙarshe a aikinsa, don idonsa abin da yake zato yake gani. A buga a takarda, a ba wanda bai taɓa ganin aikin ba, a karanta kanu harafi-harafi domin a manyan haruffa kuskure ya fi ɓuya, lambar waya kuma a danna ta a kira. Sannan kwastoma ya sa hannu a kan gwajin ƙarshe.

Zaman situdiyo ma yana da nasa. Fayil mai suna "na ƙarshe", da "na ƙarshe 2", da "na ƙarshe na gaskiya" ya sha sa an buga wanda ba shi ba. A sa sunan aiki da kwanan wata da lambar zagaye, kowa ya bi tsari ɗaya, ta yadda ranar da ba ka zo ba wani zai iya ci gaba. Kwafin aiki ya zauna a wuri uku, ɗaya daga ciki ba a cikin ginin ba.

Wajen duba aikin juna, "bai yi min ba" ba ta da amfani ga kowa. Ka ce sunan taron ya ɓace a cikin hoton, ko ido yana fara sauka a kan abin da ba shi ne muhimmi ba. Wannan ana iya gyara shi. Wanda ake duba aikinsa kuma ya daina ɓoye shi sai ya kammala. Nuna shi tun yana zanen fensir, lokacin da yaga takarda ba ya da ciwo. Ogan da yake karɓe linzamin kwamfuta daga hannun yaronsa ya gyara da kansa ya sami aikin yau, amma gobe ma shi zai sake gyarawa.

Abu na ƙarshe da ke dakushe mai zane a hankali shi ne kallon abin da kowa yake kallo. A buɗe shafukan hotuna irin su Pinterest ko Behance ko samfuran Canva kafin a yi tunani, sai aikin situdiyo goma ya fito kamar uwa ɗaya ta haife su. Ka fara da fensir, ka yi ƙananan zane ashirin munana kafin ka leƙa na wasu. Idan kai ya cushe, tashi. A bar aikin ya kwana in wa'adi ya bari, da safe kurakuransa da kansu suke fitowa. Ido ma a hutar da shi, duk minti 20 a kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Bayan an buga aikin kuma ka je inda aka kafa shi, ka tsaya daga inda mutane suke tsayawa, ka ga ko lambar wayar tana karantuwa daga tsallaken titi.