Sabon ɗalibi a Samaru: kada ka biya kuɗin ɗakin da ba ka taka ba

Duk shekara da zarar sunayen waɗanda suka samu gurbi a ABU Zariya sun fito, sai ƙanne da 'ya'yan 'yan uwa su fara turo min tambaya iri ɗaya: "Yaya, wani ya nuna min hoton ɗaki a Hayin Dogo, in tura kuɗin?" Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya gani.

Kafin a zo maganar haya ma, da yawa suna yin sakaci da hostal. Gadaje ba sa isar kowa, kuma wanda ya yi jinkirin rajista sai ya tarar an cike. Ka gama biyan kuɗin makaranta da wuri, ka sa ido a fotal, wato shafin rajista na jami'ar. Ɗan aji ɗaya, a ganina, cikin makaranta ya fi masa, ko hostal ɗin Danfodiyo ko ICSA ga maza, ko Amina ga mata. Akwai cunkoso, banɗaki ma sai haƙuri, amma da ƙafa za ka je lakca, ɗakin karatu na Kashim Ibrahim na kusa, kuma a nan ake sanin mutane. Sayen gado a hannun wani ɗalibi kuwa, sunansa ne a takarda, ranar da aka zo bincike kai za a fitar.

Sannan ka san inda sashenka yake. Mai karatun shari'a a harabar Kongo yake lakca, ba a babbar harabar Samaru ba. In ya kama ɗaki a Samaru don abokinsa na can, kuɗin mota kullum zai cinye abin da ya ɗauka ya rage, musamman tun da aka cire tallafin mai a 2023.

Yanzu ga wanda ya fi ci min rai. Ba a cinikin biri a sama, amma kowace shekara sai an samu masu tura kuɗin shekara guda ga dillalin da ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Ni ma ta ci ni. Hoton ya nuna ɗaki fes, sabon fenti, tayil a ƙasa. Da na sauke kaya sai na tarar shi ne na ƙarshe a lungun gida, taga ɗaya ƙarama tana kallon katanga, rijiyar da aka ce "ba ta ƙafewa" kuwa kafin watan Maris guga laka yake ɗebowa. Daga nan sai jiran 'yan garuwa, jarka bayan jarka. Da damina ta sauka, sabon fentin ya kumbura ya fara zubowa, katifata ta jiƙe ta ƙasa. Dillalin ya riga ya karɓi la'adarsa, ya daina ɗaukar waya. Mai gidan ya ce shi bai yi min alkawarin komai ba, kuma da gaskiyarsa, don ko takarda ban karɓa ba.

To ku saurara, ku jambito, wato sababbin ɗalibai, masu gaggawa. Ɗaki ba a ganinsa sau ɗaya da rana tsaka alhali dillali na tsaye a kanka yana cewa wasu ma suna so. Ƙyale shi, kullum haka suke cewa. Ni abin da nake yi, sai in koma da yamma ni kaɗai, in nemi wanda ya daɗe a gidan in tambaye shi: ina kuke samun ruwa da rani, yaushe rabonku da wuta, mutum nawa ne a mita ɗaya? Wannan ta ƙarshen kada ka raina ta. Gida mai ɗaki goma da mita guda, mutum ɗaya mai dafa wake a hita ya isa ya shanye kuɗin kowa, rigima kuma ba ta ƙarewa. Duba ƙasan bango ko akwai tabon danshi, ɗaga kai ka kalli silin. Kuɗi kuma a hannun mai gida ko wakilinsa na gaskiya, da rasit mai ranar shiga da ranar fita, kuma a rubuta me zai faru in yajin aiki ya tsawaita zango.

Wani kuskuren a manne yake da na kama ɗaki, kuma kusan ba wanda ke tuna shi: sabis. Layin da ke gudu a unguwarku a Funtuwa ko Gusau ba lallai ya ja a ɗakinka na Bomo ba. Kai, a gida ɗaya ma ɗakin ƙofa na iya samu, na ciki ya rasa. Na ga wanda sai ya fito bakin rijiya da tsakar dare, ya ɗaga waya sama, kafin ya iya tura aikin da malami ya ba da wa'adi. Saboda haka ranar duba ɗaki ka shiga, ka rufe ƙofa, ka zauna inda katifa za ta kasance, ka buɗe bidiyo ka ga ko zai tafi. Yi hakan da misalin takwas na dare, lokacin da kowa ya hau. Ari wayar abokai masu MTN, Airtel da Glo a gwada duka. Kada ka sayi data ta wata guda, balle 'yar na'urar MiFi, sai ka gwada ta kwana ɗaya ko ta mako tukuna. Ni layi biyu nake riƙewa na kamfanoni daban-daban, ɗaya na aiki, ɗaya na ko-ta-kwana, duka da NIN ɗina. Layin da aka yi rajista da sunan wani, ranar da ya ɓata ba ka da bakin magana.

Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, wasa da data ya zama wauta. Kashe saukar da hotuna da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, don rukunin aji kaɗai ya isa ya kwashe maka rabi. In ka jona kwamfuta da wayarka, hana ta sabunta kanta, in ba haka ba ka wayi gari ba ko kilobait. *323# na nuna saura, ka riƙa dubawa. Lambar sirrin hotspot kuma ba sadaka ba ce.

Intanet ɗin makaranta ka more shi in ka samu, ka sauke manyan littattafai a can, amma kada ka jingina rajistar kwasa-kwasai da shi a ranar ƙarshe. Fawa bank ya fi sabon takalmi amfani a zangon farko. Abokin ɗaki kuwa, ku yi maganar kuɗin wuta, ruwa da gas tun kafin ku haɗa kaya, ko da ɗan unguwarku ne da kuka taso tare.