Kurakuran da aka fi yi wajen koyar da yaran naziri ta hanyar wasa

Makarantun naziri da yawa a Kano da Kaduna da Zariya suna tallar cewa ta hanyar wasa suke koyarwa, wasu har da liƙa a allon bakin ƙofa sunan Montessori, 'yar Italiyar nan da ta shahara da tsarinta na koyar da ƙananan yara. Amma leƙa ajin da safe: 'yan shekara uku ne jere a kan benci, hannu a harɗe, anti na bugun allo suna amsa mata. Wasa kuwa sai an fita tara. Nan kuskuren farko yake, ɗaukar wasa a matsayin hutu daga karatu, alhali Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce ta hanyar wasa za a koya wa yaran wannan mataki lambobi da haruffa da launuka da siffofi.

Wanda ya fi ɓarna shi ne gaggawar danƙa wa yaro fensir. Ɗan shekara uku yatsunsa ba su yi ƙwarin da zai bi layin littafi ba. Sai ka ga ya dunƙule fensirin a tafin hannu, yana dannawa har takarda ta huje, anti ta kama hannun tana ja masa. A ce kuma ya je gida ya cika shafi biyu, aikin da kowa ya san yayarsa ce za ta yi. Masu kare wannan sukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka ne, amma ɗanyen ma yana karyewa. Gyaran ba ya cin kuɗi: a ba shi yumɓu ko kwaɓaɓɓiyar fulawa ya mulmula, ya zura igiya cikin hudajjun murafun kwalba, ya yayyaga tsohuwar jarida, ya zana harafi da yatsa a faranti mai yashi. Ita kanta Maria Montessori, wadda ta buɗe makarantarta ta farko ta ƙananan yara a birnin Rum a 1907, haruffa masu kaushi take ba yara su shafa da yatsa kafin su kai ga rubutu.

Sai hadda. Yaro ya rero ɗaya zuwa ɗari da Turanci, iyaye su yi ta tafi ranar walima. To, zube masa murafun kwalba a gaba ka ce ya miƙo maka biyar. Da yawa za su ɗebo cikin hannu su ba ka, domin waƙar suka iya, ba su san kowace lamba tana tafiya da abu guda ba. Wasan kanti yana maganin wannan. A jera gwangwanayen madara da kwalayen ashana, wannan ya zama mai shago, wancan mai saye, murafu su zama kuɗi. A nan za ka ji “ba ni biyu”, “saura ɗaya”, har da rigimar canji, kuma duk lissafi ne. A dai kula, ƙananan abubuwa irin su wake da duwatsun carafke ba na 'yan ƙasa da shekara uku ba ne, don baki suke kai komai.

Akwai makarantun da suka sayi kayan wasa masu tsada suka kulle a kabad, ba a fito da su sai ranar da baƙi za su zo. Gara kwali da tsumma da kara da yaro zai taɓa kullum.

Malamai kuma sukan faɗa ɗayan rami biyu. Ko dai anti ta saki yara ta koma gefe tana latsa waya, ko ta ƙwace wasan baki ɗaya: “Ba haka ake gina gida ba, kawo in nuna maka.” Abin da ake so shi ne ta durƙusa kusa da su, ta yi kallo tukuna, sannan ta jefa tambaya. Yarinya na tuƙa tuwon ƙasa, sai a ce mata, “Mutum nawa za ki ciyar? Kwanonin za su isa?” Kuma a bar ta ta amsa da harshen da ya zo bakinta. Yaron da ake tsawatar wa duk lokacin da ya yi Hausa, shiru yake koya kafin Turanci. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, in aka bar yara suka kwaikwaye ta, tana fito da magana daga bakin wanda bai taɓa ɗaga hannu a aji ba.

Hana fita wasa a matsayin horo shi ma kuskure ne, kuma yawanci a kan yaron da ya fi buƙatar guje-guje yake faɗawa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce 'yan shekara uku zuwa huɗu su samu aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini, kada a zaunar da su wuri guda na dogon lokaci, kallon waya ko talabijin kuma kada ya wuce awa ɗaya. Kunna musu katun don a samu shiru ba ya cikin wasan da ake nufi.

Yawancin waɗannan kurakurai tsoron iyaye ne ya haife su, domin uba yana biyan kuɗi, yana son ganin littafi cike da jan biro. Mai makaranta ya gayyace su su zauna a aji na rabin awa tun farkon zango. A kuma sauya abin da ake aika musu: maimakon maki, anti ta rubuta abin da ta gani da idonta, cewa wannan makon ya ware murafu ja daga shuɗi, ya jira layinsa a lilo ba kuka, ya ba da labarin akuyarsu daga farko har ƙarshe.