Kwikwiyon da ba ya jure kaɗaici

Jama'a, kwikwiyon da ke ihu, yana yagushin ƙofa har da fitsari da zarar ka fita, ba rashin ji ba ne, tsoro ne. Don Allah kada a doke shi, duka ƙara firgita shi yake.

Ka fita ka rufe ƙofa, ka dawo bayan daƙiƙa 10, tun bai fara kuka ba. Kullum ka ƙara kaɗan. Wani lokaci ka sa takalmi, ka ɗauki makulli, sai kawai ka zauna, har ƙarar makullin ta daina tayar masa da hankali. Ka bar masa tsohuwar rigarka da ba a wanke ba. Idan ya ƙi abinci ko yana ji wa kansa ciwo, a kai shi wurin likitan dabbobi.